Gawar ɗan'uwanmu tana jira, mu kuma mun rabu gida biyu

Yau kwana 11 ke nan gawar ɗan'uwanmu tana kwance a ɗakin ajiye gawa. Mahaifiyarsa tana kirana daga gida safe da yamma tana tambayar ranar da za a kawo mata ɗanta, ni kuwa na rasa bakin da zan faɗa mata cewa asusun jana'izarmu ya ƙafe, ba don talauci ba, sai don tun rigimar da aka yi kan Maulidin bara wani ɓangare ya rantse ba zai ƙara zuba kuɗi ba muddin ma'aji yana ɗaya ɓangaren, su ma ɗaya ɓangaren suka ɗaure aljihunsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin da muka zaɓa muka yi wannan abin kunya. Duk wanda ya bi ta tsakiyar Munster, wannan gari na Jamus da muke zaune a ciki, ya ɗaga kai zai ga keji uku na ƙarfe a rataye a hasumiyar cocin Lamberti. A cikinsu aka zuba gawawwakin jagororin wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi da suka ƙwace garin nan a 1534, har bishop ɗin Katolika ya yi musu ƙawanya ya murƙushe su, aka kashe su a bainar jama'a a farkon 1536. A lokacin ko shekara 20 ba a yi ba da Martin Luther, tushen ɗariƙar Furotesta, ya fito da hujjojinsa 95 a kan cocin Roma a 1517. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin wannan zaure sun fi ni sanin wannan tarihi, kuma su, Allah ya saka musu da alheri, ba su taɓa fashin biyan kuɗin wata ba.

A Augsburg, a 1555, an yi sulhu cewa kowane sarki ya zaɓi ɗariƙarsa, Katolika ko ta Luther, talakawansa su bi shi, wanda bai yarda ba ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Wannan ɗinki bai riƙe ba. A 1618 yaƙi ya ɓarke, bai lafa ba sai bayan shekara 30. A Magdeburg kaɗai, a watan Mayun 1631, sojojin ɓangaren Katolika sun shiga garin 'yan Furotesta, aka kashe mutum kusan 20,000, wuta ta cinye mafi yawan gidajen. Akwai yankunan Jamus da suka rasa fiye da rabin jama'arsu, kuma yunwa da annoba sun fi takobi ɗibar rayuka. Ku kuma lura da wannan: Faransa ƙasar Katolika ce, babban waziri a fadarta, Richelieu, jigo ne a cocin Katolika, amma a 1635 ta shiga yaƙin a gefen Suwidin ta 'yan Furotesta, domin burinta ta karya gidan sarautar Habsburg, masu jagorantar ɓangaren Katolika. Talaka yana mutuwa da sunan aƙida, manya suna lissafin ƙasa.

Da masu yaƙin suka gaji, sai da aka raba zaman sulhun gari biyu, wakilan Faransa da na Fafaroma a nan Munster, na Suwidin can Osnabruck, 'yan aike suna kai-komo bisa dawakai shekara da shekaru kafin a sa hannu ranar 24 ga Oktoba, 1648. A wannan takarda ba a yanke wa ke kan gaskiya ba. Tsarin zama tare kawai aka yi, har aka amince cewa mulkin Osnabruck zai riƙa zagayawa, in bishop ɗin Katolika ya mutu yariman Furotesta ya hau. Mu kuwa har mun fara namu gari biyun: zauren WhatsApp biyu, sallar Idi biyu, ga gawa guda an rasa mai ɗauka. A unguwar da na tashi, in aka yi rasuwa, mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa ɗaya suke sa wa makara, kuma wallahi ina kewar wannan fiye da yadda nake kewar tuwon gidanmu.



Ina roƙonku don girman Allah, dattawa da matasa, iyayenmu mata da ke baya, kada mu tashi daga nan sai kuɗin ya cika. Shawarata ita ce daga yau asusun ya koma hannun mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma ba a cire ko sisi sai da sa hannunsu duka. Wanda ya amince ya ɗaga hannu. Kamfanin da zai shirya gawar ya ba mu zuwa ranar Laraba, ni kuma da daren nan zan kira mahaifiyarsa, ina so in faɗa mata rana.