Me Ruwan Sanyi Yake Yi a Cikin Injin Tururi?

[Hoto: ƙaton ƙarfen lilo yana hawa da sauka a Crofton]

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da bidiyon waɗannan tsofaffin injinan Ingila ya fara yawo, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa: injin da wuta ke tafiyar da shi, me ya kai ruwan sanyi cikinsa? Wasu ma sun ɗauka don kada ya yi zafi ne, kamar lagireton mota. Ba haka ba ne. Ruwan sanyin nan yana cikin abin da ke ba injin ƙarfi.

Wannan da kuke gani yana tashar famfo ta Crofton, a gundumar Wiltshire. Kamfanin Boulton da Watt ne ya ƙera shi, an kafa shi a 1812, kuma yana nan inda aka kafa shi, yana iya aikin da aka kawo shi ya yi: ɗaga ruwa sama kimanin mita 12, ya zuba a mafi tudun ɓangaren magudanar jiragen ruwa ta Kennet da Avon. Kowane lilo ɗaya, ruwa kusan tan guda. A minti ɗaya, wajen sau 11.

[Hoto: ɗakin wuta, ana zuba kwal da shebur]

Nan ba sai mun daɗe ba. Kwal, wuta, tukunya, tururi. Bututu ya kai tururin silinda, fistan na ciki, sandarsa na maƙale da gefe ɗaya na ƙarfen lilo, ɗaya gefen kuma na riƙe da sandar famfo. Ku biyo ni ƙasa, can ne maganar take.

[Hoto: ƙarƙashin bene, akwatin ƙarfe a nutse cikin ruwa]

Lita ɗaya ta ruwa, idan ta tafasa ta zama tururi, tana cika wurin da ya kai lita 1,600 ko fiye. To ku juya lissafin. A cika rufaffen mazubi da tururi, ya kore iskar da ke ciki, sannan a fesa masa ruwan sanyi. Nan take tururin ya koma ɗan ruwa kaɗan a ƙasa. Me ya rage a sauran wurin? Kusan babu komai. Ba tururi, ba iska.

Iskar da muke ciki kuwa tana da nauyi. Tana danna kowane murabba'in santimita da ƙarfin kusan kilo ɗaya, ba ma ji ne kawai saboda ta ko'ina take dannawa daidai. Ku tuna ƙahon wanzami: ya zuƙe iskar ciki ya toshe bakin, sai fata ta kumburo ta shige. Ba ƙahon ne ya ja ta ba, matsin ciki ne ya ragu, na waje ya yi rinjaye.

Haka injin Thomas Newcomen na 1712 yake aiki kai tsaye. Saman silindarsa a buɗe yake. Tururi ya cika ƙasa, a fesa ruwan sanyi, iskar sarari ta danno fistan ƙasa. Matsalarsa ita ce a cikin silindar kanta ake fesa ruwan, saboda haka kowane bugu sai ƙarfen ya huce, sabon tururi kuma ya ɓata kansa wajen sake ɗumama shi. Kwal yake ci ba ƙaƙƙautawa.

James Watt ya raba aikin gida biyu, ya yi rajistar dabarar a 1769. Silinda ta zauna da zafinta kullum, wani akwati daban, inda ake fesa ruwan, ya zauna da sanyinsa kullum, bawul a tsakaninsu. Akwatin nan da kuke kallo ke nan. Kwal da ake ƙonawa ya ragu fiye da rabi. A ganina, duk cikin ginin nan babu abin da ya kai shi daraja, amma baƙi sukan wuce shi su tafi ɗaukar hoton ƙarfen lilo.

[Hoto: bawul uku suna buɗewa da rufewa, a hankali]

Yanzu ku lura da kyau. Saman silindar Crofton a rufe yake, don haka ba iskar waje ke danna fistan ba. Bawul na farko ya buɗe, tururi ya shiga ta sama da matsin da bai wuce kilo ɗaya da rabi a murabba'in santimita ba. A daidai lokacin, bawul na ƙasa ya buɗe zuwa akwatin sanyi, ƙarƙashin fistan ya zama fanko. Fistan ya sauka da ƙarfi. Sai na tsakiya ya buɗe, tururin sama ya zagayo ƙasa, matsi ya daidaita, nauyin gefen famfo ya mayar da fistan sama. Tururin da ya zagayo ƙasa shi ne zai tafi akwatin sanyi a bugu na gaba.

Faɗin silindar inci 42 ne, wato kusan santimita 107. Da ƙarƙashin fistan cike yake da iska, da tana tokare shi da ƙarfin da ya kusa tan 9. Akwatin sanyi ne ya kawar da mafi yawan wannan tokarar, ba tare da an ƙara ko shebur ɗaya na kwal ba.

Shi ya sa abin da masu kula da injin suka fi tsoro shi ne iska ta kutsa. Ɗan tsagu a mahaɗar bututu, ko abin toshi da ya saki, sai allurar ma'aunin fanko ta faɗi, injin ya yi kasala. Iska ba ta komawa ruwa kamar tururi, taruwa take yi. Saboda ita aka sa wani ƙaramin famfo a jikin ƙarfen lilo, yana kwashe iska da ruwan da ya taru a kowane bugu. Ruwan feshin ma idan ya yi ɗumi, aikin ya ragu.

Tayar da shi daga sanyi kuwa ba a gaggawa. Sai an ɗumama silinda a hankali, an zubar da ruwan da ya kwanta ciki, don ruwa ba ya matsuwa, fistan ya doke shi yana iya fasa ƙarfe. Daga nan mai tafiyar da injin ya riƙa buɗe bawul da hannu, bugu bayan bugu, idonsa a kan ma'auni. Ya ba da tururi da yawa, ƙarfen lilo ya zarce ya doki katakon tsaro, duk ginin ya amsa. Sai fankon ya kama sosai yake sakar wa injin ya ci gaba da kansa.

[Hoto: ruwa yana bulbulowa cikin magudana]

An daina aiki da tururi a nan a 1959, masu aikin sa-kai suka farfaɗo da injin a 1970, famfunan lantarki ne ke aikin yau da kullum. A ranakun da ake hura wuta, ana kashe na lantarkin, ruwan da kuke gani yana gudu nan injin 1812 ne ya ɗago shi.