Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Sukari da Zuciyar Matasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan mako sun karkata wajen yara da matasa masu ciwon sukari, don haka muka ware guda huɗu.

Na farko daga wani dattijo ne a Ringim. Ɗansa mai shekara 15 ya shekara shida yana allurar insulin. A zuwansu asibiti na ƙarshe likita ya rubuta gwajin jini da na fitsari, wai don a duba zuciya. Yana tambaya: yaron da ke noma yana buga ƙwallo, me ya haɗa shi da ciwon tsofaffi? Ko dai neman kuɗi ne?

Baba, ba neman kuɗi ba ne. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, yana goge santsin cikin jijiyoyi, kitse ya samu wurin maƙalewa, jijiya ta yi tauri, hanya ta ƙuntata, kamar yadda laka ke cike magudanar ruwa a fadama. Abin yana ɗaukar shekaru ba tare da ko ciwon kai ba. Wanda ya kamu yana shekara 9, ranar da ya cika 35 jijiyoyinsa sun shekara 26 a cikin wannan hali, shi ya sa ake fara sa ido tun yanzu. A Amurka da Kanada an bi mutum 1,441 masu irin ciwon ɗanka daga 1983 zuwa 1993, aka ci gaba da bibiyarsu bayan nan. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna waɗanda aka tsananta wa kula da sukari tun farko sun samu ragin kashi 42 cikin ɗari na matsalolin zuciya da jijiyoyi.

A takardar za ka ga HbA1c. Na'urar tsira yatsa sukarin wannan sa'a take faɗa, shi kuwa wannan labarin wata biyu zuwa uku yake bayarwa. Ana son ya tsaya ƙasa da 7 ga yawancin matasa, a maimaita duk wata uku. Sai dai a nan ƙasar tamu akwai tarko: mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, lambarsa tana iya yin ƙarya. A faɗa wa likita kafin a biya kuɗin gwajin.

Saƙo na biyu daga wani saurayi ne mai noman shinkafa a Kura, shekararsa 19. An ce an ga furotin a fitsarinsa, hankalinsa ya tashi, yana tambaya ko ƙodarsa ta mutu ke nan.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙoda rariya ce mai ƙananan jijiyoyi. Idan furotin da ake kira albumin ya fara tsiyayowa, alama ce jijiyoyin jiki sun fara jin jiki, har da na zuciya. Iyakar ita ce 30, kuma sai an same ta ko sama da ita a gwaji biyu cikin uku, tsakanin wata uku zuwa shida, sannan a ce akwai matsala. Fitsarin farko na asuba ake kaiwa. Zazzaɓi yana ɗaga lambar, haka aikin ƙarfi a jajibirin gwaji, haka ciwon mara, ga mata kuma jinin al'ada. Kai kuma da kake wuni tsaye cikin ruwan kanal, abu na farko da za a bincika shi ne tsargiya, domin jinin da take sakawa a fitsari, ko ido bai gan shi ba, yana ɓata sakamakon. A yi maganinta tukuna, a dakata 'yan makonni, a sake. Ka kuma tambaya wane gwaji aka yi maka. Ɗan tsinken takardar da ake tsomawa a fitsari ba ya kama ƙaramin tsiyaya; na ainihi sai a manyan wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai ciwon sukari nau'i na biyu, wanda jikinsa ke bijire wa insulin, ana yi masa wannan gwajin tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ya daina samar da insulin, bayan ya yi 'yan shekaru da shi kuma ya kai shekara 10 zuwa 11, daga nan duk shekara.

Na uku wata uwa ce daga Gwaram. 'Yarta mai shekara 18 tana da nau'i na biyu, tana da jiki, wuyanta ya yi baƙi ya ƙi wankuwa. An auna mata hawan jini a kemis aka samu 138 bisa 86, aka ce ta fara shan magani. Ga bikinta saura wata huɗu.

Hajiya, baƙin wuyan nan ba dauɗa ba ce, a daina dirza da soso. Alama ce jiki yana bijire wa insulin, kuma yakan ragu idan nauyi ya sauka. Ki auna tsawonta da zare, ki ninka biyu, ki zagaya cikinta daidai cibiya ko ɗan sama kaɗan. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya wuce ƙima.

Batun hawan jini kuwa, daga shekara 13 zuwa sama 130 bisa 80 ne ake kira hawa, amma sai an samu haka a ranaku uku daban-daban. Ta zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko kofi rabin sa'a kafin nan. Ki dubi ɗamarar da ake naɗawa a damtse: idan ta yi mata kaɗan, lambar za ta hau ba gaira ba dalili, kuma yawancin kemis ɗamara ɗaya suke da ita ga kowa.

Sai tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a wuni, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abin da aka ci. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne ko fiye, yajin tsire da garin cikin ledar taliyar yara duk haka. Kanwa ma 'yar gidansu ce, wajen hawan jini aikinsu ɗaya. A rage dunƙule, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa.

Abin da ya fi damunmu a saƙonki shi ne auren. Maganin da aka fi ba masu sukari don hawan jini da kare ƙoda, wanda sunansa a kwali ke ƙarewa da pril ko sartan, yana illa ga ɗan tayi. Maganin rage kitse mai ƙarewa da statin shi ma ana dakatar da shi idan ana sa ran ciki. Kada ta karɓi ko ɗaya a kemis. Ki kai ta asibiti, ga na tarayya nan a Birnin Kudu, ki faɗa wa likita ranar bikin ƙarara, akwai magungunan da suka dace da mai ciki. Za a kuma so HbA1c ɗinta ya sauko wajen 6.5 kafin ta ɗauki ciki.

Na ƙarshe ɗalibi ne daga Ɗambatta, ya ce shi siriri ne kamar kara, ta yaya aka ce kitse ya yi masa yawa a jini?

Malam, kitsen jini daban, ƙiba daban, wani ma gadonsa ya yi. A takardar gwajin nemi layin da aka rubuta LDL, wato kitsen da ke maƙalewa a jijiya, ana son ƙasa da 100. Idan ka ga 2.6 kada ka rikice, ma'auni ne daban, ƙimar ɗaya ce. In an yi gwajin lokacin da sukari ke sama sosai, a bari ya daidaita a sake. Idan ya wuce 130 bayan wata shida ana gyaran abinci, an rage man shanu, kitsen nama da soye-soye, likita zai yi maganar magani. Ka kuma ambaci shisha a ƙarshen saƙonka, kana cewa ai ruwa yana tace ta. Ba ya tacewa, hayaƙin gawayin ma ƙari ne a kan na tabar. A ajiye ta.

Lokaci ya cinye mu. Tambayar da aka aiko daga Kazaure kan ajiye insulin a cikin tulu lokacin bazara, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.