Ikazuchi, Jirgin da Ya Tsaya Tsamo Abokan Gaba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin ruwa nake. Nan Uraga ne, cikin birnin Yokosuka, kudu da Tokyo. Jirgin ƙasa na Keikyu na hau tun da safe, a nan layin ya ƙare. Bari in juya kyamara ku gani. Bayan wancan shingen tsohuwar masana'antar ƙera jiragen ruwa ce, an rufe ta tun 2003, amma ramin gyaran jirage da aka gina da jan bulo yana nan daram. A wannan masana'anta aka ƙera jirgin yaƙin Japan da labarinsa ya kawo ni nan yau.

Sunansa Ikazuchi, wato tsawa. Irin jiragen yaƙin nan ne masu ɗan karen gudu da ke yi wa manya rakiya suna farautar jiragen ƙarƙashin teku. An tura shi ruwa a watan Oktoba na 1931, ya kama aiki a Agustan 1932. Tsawonsa wajen mita 118, ya ɗara filin ƙwallo. Su huɗu ne 'yan gida ɗaya, kuma ku ji sunaye: Akatsuki ketowar alfijir, Hibiki amsa-kuwwa, Inazuma walƙiya, sai shi tsawa.

Da Japan ta shiga yaƙi da Ingila da Amurka a Disambar 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin jiragen da suka tsare teku lokacin kama Hong Kong. Daga nan aka gangara da shi tekun Java, a Indonesiya ta yanzu. Ranar 1 ga Maris 1942 Japanawa suka nutsar da jiragen Ingila biyu, Exeter da Encounter, da na Amurka ɗaya mai suna Pope. Mutane suka kwana a ruwa, wasu a kan katako, wasu riƙe da gefen kwale-kwalen roba, baƙin man jirgi ya lulluɓe su har cikin ido.

Washegari Ikazuchi ya bi ta wurin. Kwamandansa, Shunsaku Kudo, ƙaton mutum ne mai sanyin hali, wanda ya hana dukan ƙananan sojoji a jirginsa a zamanin da mari da naushi suke abin yau da kullum a rundunar. Ku sa kanku a matsayinsa. Jirgin yaƙi in ya tsaya cak a tsakiyar teku, ya zama nama ga duk jirgin ƙarƙashin ruwan da ke laɓe. Mutanensa ɗari biyu da 'yan kai ne, waɗanda ke cikin ruwa sun kusa ninka su. Da ya wuce abinsa babu mai tuhumarsa. Sai ya ce a kashe inji.

Aka sauke igiyoyi da tsani. Wasu sun galabaita har ba sa iya riƙe igiya, sai matuƙan Japan suka faɗa ruwa suna ɗaura musu ita a ƙugu ana ja. Fiye da mutum 400 aka tsamo a ranar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne goge man. Matuƙan sun ɗauki tsummoki da sinadarin barasa suna goge jikin mutanen da jiya ake harbin juna da su, suka ba su riguna da takalma, aka kawo madara mai zafi da naman gwangwani da biskit. Kudo ya tara hafsoshin Ingila, ya gaya musu da Turanci cewa sun yi yaƙi da jarumta, yau kuma baƙinsa ne. Daga baya aka miƙa su a Banjarmasin, a tsibirin Borneo.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka ina wanke sojan Japan na wancan zamani. Waɗannan mutanen da aka tsamo, sansanin fursunoni aka kai su, suka sha yunwa da duka da cuta, wasu ba su fito da rai ba. Dattawanmu da aka kai yaƙin Bama sun san da wa suka gwabza. Shi ya sa ma abin da Kudo ya yi yake da nauyi a wurina.

Cikin waɗanda aka tsamo akwai wani saurayin hafsa, Sam Falle. Wannan yaron da aka goge wa mai a fuska, shi ne ya zama jakadan Birtaniya a Najeriya, a Legas, daga 1977 zuwa 1978, zamanin Janar Obasanjo. Ranar da na gano haka na daɗe zaune ban ce komai ba.

A Agustan 1942 aka mayar da Kudo jirgin Hibiki. Ikazuchi ya ci gaba da yawo, daga sanyin tsibiran Aleutian na arewacin tekun Pasifik zuwa tsibirin Guadalcanal da ke kudancinta. A can, daren 13 ga Nuwamba 1942, aka yi wani ƙazamin faɗa da Amurkawa cikin duhu, jirage na harbin juna kusa da kusa. Akatsuki ya nutse a daren. Ikazuchi ya sha harsasai, ya rasa mutane, amma ya koma gida aka gyara shi. Sauran kwanakinsa a rakiyar jiragen dakon kaya suka ƙare.

Ranar 13 ga Afrilu 1944, kudu da tsibirin Guam, ya fita neman wani jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Harder. Kwamandan Harder, Samuel Dealey, bai gudu ba. Ya bari Ikazuchi ya matso kurkusa, sannan ya sakar masa bama-baman ƙarƙashin ruwa guda huɗu. Cikin minti biyar teku ta haɗiye shi. Ko mutum ɗaya bai tsira ba. Wata huɗu bayan haka Harder ma ya nutse a gaɓar Luzon da ke Filifin, shi ma da kowa nasa.

Kudo ya rayu har 1979 a Kawaguchi, arewa da Tokyo, kuma bai taɓa baza labarin tekun Java ba. Ni dai ina ganin mutumin da yaransa suka tafi ƙasan teku gaba ɗaya ba zai iya zama yana ba da labarin alherinsa ba. Falle ne ya yi shekaru yana cigiyarsa. Da ya samu labari mutumin ya riga ya rasu, amma a Disambar 2008, yana da shekara 89, ya zo Japan a kan keken guragu ya ziyarci kabarinsa.

Ga ɗan jirgin fiton can ya taso daga wancan ƙetaren, mai jan fenti. Zan hau shi in tsallaka, daga tsakiyar ruwa za ku fi ganin masana'antar da kyau. Gobe in Allah ya kai mu sai Kawaguchi.