Yadda ake tsara kashi ɗaya na kwas don malaman makarantun ikkilisiya

'Yan'uwa malamai, barkanku da warhaka daga nan Garwa. Na ɗauka kowa ya riga ya buɗe shafinsa na Moodle, dandalin intanet da muke ɗora kwas a kai, saboda haka ba zan tsaya kan rajista ba.

Kafin ku ɗora komai, ku rubuta jimla ɗaya tak da ke faɗin abin da malamin da ke ɗaukar kwas ɗin zai yi dabam a ajinsa bayan ya gama wannan kashi. Nawa yana kan ɗalibin da ya kasa karatu, kuma na gina shi a kan misalin ɓatacciyar tunkiya da ke Luka sura 15. Ina roƙonku, kada ku manna aya a saman shafi don ado kawai, alhali abin da ke ƙasa ba shi da alaƙa da ita. Ayar ce za ta haifi aikin: malami ya zaɓi yaro ɗaya da ke zaune a bencin baya, wanda ba ya ɗaga hannu, ya zauna da shi minti goma bayan an tashi, sannan ya rubuto mana abin da ya gano.

Yanzu sai batun murya, kuma a nan zan ɗan daɗe. Malamin da ke ƙauye a wajen Marwa ko Kaele da waya yake karatu, da kuɗinsa yake sayen data, sau da yawa kuma babu wuta, don haka ni na fi son murya a kan bidiyo. Ku buɗe Audacity, manhajar ɗauka da gyara sauti, ku fitar da sautin a matsayin MP3. Ku zaɓi akwatin da ake mayar da sauti zuwa mono, wato layin sauti ɗaya, sannan ku saukar da ingancin zuwa kilobit 32 a daƙiƙa (32 kbps). Da haka maganar minti goma ba za ta kai megabait uku ba, muryar kuma za ta fita sarai, muddin ba ku ɗauka kusa da janareta ba. Wanda ya bar shi yadda ya same shi zai sami fayil mai nauyi sosai, malamin kuwa zai haƙura da saukewa tun a rabi.

Tambayoyin gwaji kun san su, uku sun isa. Ku rubuta umarnin da Faransanci da Hausa, ku kuma tura muryar a rukuninku na WhatsApp saboda wanda shafin ya ƙi buɗe masa. Wanda yake son samfurin da na shirya ya same ni bayan sujada ranar Lahadi.