Dalilin Da Ya Sa Tsofaffin Sojojin Amurka Ke Riga Sauran Ɗalibai Rajistar Kwasa-kwasai

A jami'o'in Amurka ɗalibi ne yake zaɓar kwasa-kwasan da zai yi a kowane zangon karatu, ta shafin intanet na makaranta, kuma kowane aji yana da adadin guraben da ba ya wucewa. Ba a buɗe wa kowa rajista lokaci guda. Galibi ana farawa da 'yan ajin ƙarshe, sababbin shiga su zo daga baya, lokacin da azuzuwan da ake rububinsu, irin su kimiyyar sinadarai mai buƙatar ɗakin gwaji, sun riga sun cika maƙil. Makarantu da yawa sukan ɗauke sojoji da waɗanda suka ajiye kaki daga wannan layi, su sa su cikin rukunin farko.

Wani zai ɗauka karramawa ce kawai, amma tushen maganar kuɗi ne da lokaci. Tun 1944, lokacin da Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka fi sani da GI Bill, gwamnati take tallafa wa karatun waɗanda suka dawo daga aikin soja. Tsarin da ya fara aiki a watan Agustan 2009 yana biyan kuɗin makaranta da na haya da na littattafai, amma tsawon wata 36 na karatu kaɗai, ban da lokutan hutu, wanda da ƙyar yake isar digirin shekara huɗu. Sannan ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ba ta biyan kwas ɗin da ba ya cikin manhajar digirin ɗalibi, kuma ba ta ba da kuɗin haya sai nauyin karatunsa ya haura rabin na cikakken ɗalibi.

Saboda haka, idan magidancin da ya dawo daga Iraƙi ya tarar da kwas ɗin da ya wajaba a kansa ya cika, ba shi da damar cike gurbin da duk abin da ya samu, kamar yadda ɗan shekara 18 zai yi. Ko dai ya rage karatu kuɗin hayarsa ya ragu, ko kuma ya jira zango na gaba, kammalawarsa ta ja baya.

Jihohi ne suka fi ɗaukar mataki a kan haka. A Kalifoniya doka ta wajabta wannan fifiko a kwalejojin al'umma da rukunin jami'o'in jiha na CSU, na tsawon shekarun karatu huɗu, matuƙar mutum ya yi amfani da shi cikin shekara 15 da barin aiki. Dokar Fulorida ta 2012 ta haɗa har da iyali: mata ko miji ko 'ya'yan da aka mayar wa haƙƙin tallafin su ma suna shiga. Mayarwar kuwa tana da sharaɗi, domin sai soja ya yi shekara 6 a bakin aiki, ya kuma amince da ƙarin shekara 4, kuma tun yana cikin kaki zai nema.

Ita gwamnatin tarayya ba ta tilasta wa kowace makaranta ba. Dokar 2017 da Shugaba Trump ya sa wa hannu ta umarci ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ne ta riƙa bayyana makarantun da ke ba da fifikon, kuma wannan mataki ne mai rauni, tunda ya bar ɗalibi da aikin bincike.

A makarantu da dama fifikon ba ya zuwa da kansa. Sai ɗalibi ya kai takardar sallamarsa, wadda ake kira DD-214, ofishin tsofaffin sojoji na makarantar kafin ranar rajista, a shigar da shi cikin rukunin. Fifikon ba ya yafe masa kwas ɗin share fage, wato wanda dole ya ci kafin ya shiga na gaba, kuma idan ya bari kwanakin rajistar rukuninsa suka wuce, sai ya yi takara da kowa a kan guraben da suka rage.