Sule kwabo nawa ne, goma ko sha biyu?

Jama'a, musun da ake ta yi a Facebook ke nan. Wasu sun ce sule kwabo goma ne, wasu sun rantse sha biyu ne, har an fara kiran juna yaran jiya. To kowa ya adana rantsuwarsa, mu zuba kuɗin a tabarma mu ƙirga.

(Tsofaffin kuɗi a kan tabarma, ana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.)

Wannan ɗan ƙaramin mai huda a tsakiya shi ne anini. Goma irinsa ne kwabo ɗaya. Wannan ɗari, wato rabin kwabo, wanda ake kuma kira sisin kwabo. Idan kun ji dattijo ya ce ba shi da ko sisin kwabo, wannan yake nufi. Ga kwabon kansa, shi ma da hudarsa. Kwabo ɗaya da rabi ahu. Kwabo uku taro. Kwabo shida sisi. Kwabo tara nai. Kwabo goma sha biyu sule. Sule biyu fataka. Sule ashirin fam guda.

Kun ji an ce sha biyu ko? To kada masu sha biyu su fara tafi tukuna.

Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta ajiye fam ta ɗauki naira. A nan ne kan mutane ke ɗaurewa, don haka mu tafi a hankali.

Tsohon fam sule ashirin ne, kowane sule kwabo sha biyu. A buga: kwabo 240 a fam ɗaya. Da naira ta zo, aka ce fam ɗaya naira biyu ne, kowace naira kuma kwabo ɗari. Wato fam ɗin nan da yake kwabo 240 jiya, yau ya zama kwabo 200. Ku raba 200 gida ashirin, me ya fito? Goma. Shi ke nan sule ya koma kwabo goma.

Ku lura da kyau, ba sule ne ya rame ba. Sule yana nan yadda yake, kashi ɗaya cikin ashirin na fam. Kwabo ne ya yi ƙiba. Sabon kwabo biyar daidai yake da tsohon kwabo shida. Matsalar ita ce Bahaushe bai raɗa wa sabon kuɗin suna ba, ya ci gaba da kiransa kwabo, sai kuɗi biyu masu daraja daban suka zauna da suna ɗaya. Wanda ya yi cefane kafin 1973 ya san sulen sha biyu. Wanda aka aika sayen ƙuli-ƙuli bayan nan ya san sulen goma. Duka biyun ba wanda ya yi ƙarya.

(A jera tsohon sisi da sabon kwabo biyar gefe da gefe.)

Haka sisi ya koma kwabo biyar. Taro kuwa shi ya fi shan wahala, don ya faɗa kwabo biyu da rabi, babu kuma wani kuɗi da aka buga mai wannan daraja. A ganina abin da ya kashe shi ke nan, shi da nai da ahu. Sunan da ba ka da abin da za ka miƙa idan an ambace shi ba ya daɗewa a kasuwa. Taro dai ya samu mafaka a bakin masu cewa suna neman taro da sisi.

Fam kuma ya ƙi mutuwa da wuri. An daɗe ana jin tsofaffi a kasuwa suna cewa fam biyar alhali naira goma suke nufi. Daga nan ne ma jaka ta samo lissafinta. Jaka fam ɗari ce, fam ɗari kuma naira 200. Shi ya sa jaka biyar take naira dubu, ba dubu biyar ba. Takardar naira 200 ɗin kanta, mai hoton Sardauna, sai a shekarar 2000 ta fito, ta tarar da sunanta yana jiranta.

Amma a kula idan an tsallaka Maraɗi ko Damagaram. Can jika sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Idan mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa ɗari yake nema, kada ka zabura ka ɗauka dalar Amurka ce. Abin sha'awa, dala 200 ce ke cika jika ɗaya a can, kamar yadda naira 200 ke cika jaka a nan.

(Hannu cike da farin wuri.)

Saura kalma ɗaya da muke faɗa kullum ba mu san tsohuwa ba ce. Wannan sunansa wuri. Idan suka yi yawa, jam'insu shi ne kuɗi.