Ruwan gora da ɓurɓushin roba, kowace ƙasa da nata hukuncin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau daga kicin nake muku magana nan Jamus, ku yi haƙuri da gurnanin firij ɗin nan, ya ƙi yin shiru. To ga gorar ruwa a hannuna, bari in matso da ita kusa da kyamara. Kun ga ruwan tas kamar hawaye, ko ɗigon datti babu ko? Ni ma haka na ɗauka wlh, shekara da shekaru ina jidar katan katan ina hawa bene da su ina haki, wai ni mai kula da lafiya.

Sai na ci karo da binciken da masana na jami'ar Columbia da Rutgers a Amurka suka fitar a Janairun 2024, suka ce a lita ɗaya ta ruwan gora sun ƙirga ɓurɓushin roba kusan 240,000, kuma kashi 90 cikin 100 irin ƙananan nan ne da ko madubin likita na yau da kullum baya kama su, sai da hasken leza suka gano su. Kafin nan ma a 2018 an gwada gorori 259 daga ƙasashe 9, kashi 93 cikin 100 an samu roba a ciki. Wani daga jikin gorar yake fitowa, wani daga murfi in kana buɗewa kana rufewa, wani ma daga matatar kamfanin kanta.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne hukumomi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce hujjar da ake da ita bata nuna adadin da ake samu yana cutarwa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ma a 2019 kusan haka ta ce, ta ƙara da cewa a ci gaba da bincike. Jihar Kalifoniya kuwa bata jira kowa ba, tun 2020 ta rubuta ma'anar ɓurɓushin roba a ruwan sha a hukumance. Tarayyar Turai sai 2024 ta fitar da yadda za a auna shi, aunawa fa kawai, babu wata iyaka da aka yanka aka ce kar a wuce. Ku dubi sinadarin BPA ma, wanda ake amfani da shi wajen ƙera wasu robobi, Faransa ta hana shi a mazubin abinci tun 2015, Tarayyar Turai baki ɗaya sai 2025, Amurka kuma a kwalbar shayar da jarirai da makamantansu kawai ta cire shi. Jiki ɗaya ne fa, ka hau jirgi awa takwas hukunci ya canza.

Af, murfin nan da yake maƙale da gora yana sokar min hanci in ina sha, shi ma dokar Turai ce ta Yulin 2024, amma don shara aka yi ta, ba don cikina ba.

Na ce to bari in koma kwalba, ashe hukumar ANSES mai kula da lafiyar abinci ta Faransa a 2025 ta gano lemuka na kwalba sun fi na gora ɓurɓushi, daga fentin murfin ƙarfen yake zuba, ko da yake a ruwa adadin kaɗan ne. Kai jama'a!

Ni dai yanzu ga gorar ƙarfe na saya, daga famfo nake cikawa, ta roba kuma na daina barinta a mota rana na dukanta. Bari in cika in fita, jirgin ƙasana saura minti goma.